Dutsen Ɗakin Malam Jatau

A unguwarmu, cikin birnin Zariya, akwai wani dattijo, Malam Jatau, wanda ba ya wasa da salla, ba ya kuma wasa da kowa. Ciwon fata ya kama masa hannuwa da fuska har likita ya hana shi taɓa ruwa. To shekara biyu ke nan a bangon ɗakinsa yake taimama, tunda ginin ƙasa ne tun na kakanni. Ya buga tafi a bango, ya shafa, ya ta da sallarsa.

Sai ɗansa Shitu, da ya ɗan ji ɗumi a Abuja, ya ga gidan yana ba shi kunya in ya zo da abokai. Ya lallaɓa tsohon ya tafi Kaduna wajen 'yarsa ya yi sati biyu, shi kuma ya kirawo wani mai fenti, Ilu. Ilun nan shu'umi ne. Da soso da tsumma da ɗan burushi ya bi bangon kaf, ya ja layuka, ya ɗiɗɗiga toka-toka da ruwan ƙasa, har da 'yan tsage-tsage, sai ga ɗaki kamar da duwatsu aka gina shi. Ni kaina da na shiga sai da na ƙwanƙwasa.

Malam ya dawo, ga ido ya yi rauni. Ya ƙare wa bango kallo ya ce, "Shitu, dutse ka lilliƙa mini?"

Shitu, da son a yaba masa ya fi ƙarfinsa, ya ce, "Dutse ne, Baba. Daga Abuja aka ɗauko."

"Madalla. Dutse ai ya halatta."

Shitu bai tambayi me ya halatta ba, ya kaɗa motarsa ya koma.

Kwana arba'in cur Malam yana buga tafi a kan fenti. Rannan ina zaune a ɗakin, liman ya shigo dubiya da la'asar, ya iske shi yana cikin yi. Liman ya matsa, ya sa farce ya kankari dutsen, sai ga ɓawo ya biyo farce.

"Malam, ai wannan fenti ne," in ji liman. "Fentin mai ma kuwa. Babu taimama a kansa. Sai dai a rama."

Salla ɗari biyu, ga gwiwa ta daɗe da yin yaji. Wallahi na tausaya wa tsohon nan, amma sai da na fita zaure na yi dariyata ta ishe ni.

Aka nemi Shitu, waya a kashe. Sai aka tasa ƙeyar Ilu har gaban Malam. Maimakon ya durƙusa ya ba da haƙuri, sai gogan ya hau washe baki yana shafa bango.

"Baba, ai wannan yabo ne a wajena," in ji Ilu. "Aikina ba wanda bai ruɗa ba. Wani babban injiniya ma da ya gani, rantsuwa ya yi dutse ne."

Malam ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "To ai da injiniyan nake yi wa sallar, da mun gama lafiya."