Kamuflaj ɗin Kumandan Ilyasu

Duk faɗin Damargu, daga Tanut har Tarka, babu garin da Allah ya yi wa baiwa irin Belbeji, domin a nan ya ajiye Kumandan Ilyasu. Wasu garuruwan da rijiya mai daɗin ruwa suke taƙama, wasu da kasuwar raƙuma. Belbeji kuwa mutum guda ta samu wanda ya san yaƙi ciki da bai, kuma ba ya rowar saninsa. Ko ashana ka je saye a butik ɗinsa, sai ka fito da darasi a kan yadda ake kewaye abokan gaba.

Masu hassada za su ce maka bai taɓa shiga soja ba. Gaskiya ne, amma wannan ƙaramar magana ce. Shekara huɗu ya yi a Agadas yana kai wa wani bariki albasa da busasshen tumatir, kuma ta tagar madafa ya kalli faretin safe ya fi sau dubu. Wanda ya ga wannan da idonsa, me ya rage masa? Da ya dawo gida sai ya tara gashin baki, ya koyi tafiya kamar ana buga masa ganga. Sunan Kumandan shi ya raɗa wa kansa, mutane suka karɓa tunda faɗarsa ba ta rage musu komai. Masu shan shayi a bakin tasha sun ƙara masa da Janar Albasa, amma wannan sai ya ba da baya ake faɗa.

Abu ɗaya ne ya rage wa wannan babban mutum a duniya, shi ne ƙahon mafarauta. Ƙahon yana wuyan Baba Dado shekara talatin. Mai riƙe da shi shi ne shugaban mafarautan gari: shi ke busa a tashi, shi ke busa a tsaya, shi ke raba nama. Idan kuma baƙi suka zo daga Damagaram, shi ake sa wa kujera a layin gaba, a kira sunansa a lasifika. Rabon nama bai dami Kumandan ba. Kujerar nan ce da lasifikar ke hana shi barci. To, bana gwiwoyin Baba Dado sun gaji, ya ce da an dawo daga farautar ƙarshe zai rataya ƙahon a wuyan wanda ya ga ya dace. Kumandan ya duba garin kaf, bai ga wani wuya da ya dace ba sai nasa.

Ana saura kwana biyu a fita, aka taru a zauren Baba Dado. An karɓo takardar izini daga ma'aikatan gandun daji, an shirya kamyon da zai kwashi mutane da karnuka. Sai tsoho ya jawo wani buhun shinkafa ya kwance bakinsa. Cike yake da jile, irin rigar nan mai ruwan goro da leburorin hanya ke ɗorawa a kan kayansu. Hamidu ne ya samo su lokacin da ya gama aikin lebura a hanyar Tanut. Dalilinsu kuwa yana zaune a bakin ƙofa ya miƙe ƙafa ɗaya: Ila ke nan, wanda ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya ya ɗirka wa bindigar adaka a cinya shekara uku da suka wuce, don ya ga abu mai ruwan ƙasa yana motsi a bayan sabara. Tun daga ranar Baba Dado ya kafa doka. Duk mai fita sai ya karɓi jile daga hannunsa, in an tashi dawowa ya mayar. Tsoho ba ya karatu, buhun nan shi ne takardarsa. In jile ashirin suka fita, ashirin suka dawo, to mutane sun cika, sai a tayar da mota.

Kumandan ya ɗaga jile ɗaya da yatsu biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera, ya yi gyaran murya.

"Baba Dado, da girmanka, amma wannan ba farauta ba ce, tallar lemo ce. Lokacin da muke arewa, ƙa'ida ta farko ita ce kada abokin gaba ya gan ka. Kamuflaj ake ce masa, wato ka saje da daji, ka zama itace, ka zama ciyawa. Barewa abokiyar gaba ce. Ku kuwa kun sa riga tana kururuwa tun daga kilomita biyar. Babu taktik, babu disiplin. Sannan ni, a matsayina, a sa ni cikin rigar masu haƙar kwalbati? In wani babba ya wuce ya gan ni, me zan ce masa?"

"Ilyasu," in ji Baba Dado, wanda shi kaɗai ne a garin ke kiransa da sunan yanka, "barewa ba ruwanta da launin rigarka. Hanci gare ta da kunne. Rigar nan ba don ita ake sawa ba, don ɗan'uwanka mai bindiga ake sawa."

Kumandan ya yi murmushin tausayi, irin wanda likita ke yi wa mai maganin gargajiya. Ya saki jilen ya faɗi, ya ce ba zai ɓata iliminsa a inda ba a san darajarsa ba, ya fice. Kowa ya ɗauka ya fasa zuwa, kuma ba a ga wanda ya yi kuka ba.

Ashe shiri ya tafi yi. Washegari ranar kasuwa ya fito cikin kaki mai dabbare-dabbare da ya sayo a Damagaram, wanda aka ɗinka wa wani mai rabin tumbinsa. Ga takalmi sau-ciki, ga hula mai raga. Sau biyu ya zagaya kasuwa, daga 'yan gero har 'yan dabbobi, don jama'a su ga yadda ba a iya ganinsa. Dabararsa kuwa mai zurfi ce, bai gaya wa kowa ba. Zai riga su isa dajin, ya laɓe a inda ake koro nama, ya harbe barewa tun kafin 'yan tallar lemo su gama saukowa daga kamyo. Sannan ya tashi tsaye daga cikin ciyawa a gabansu. Wa zai ga wannan ya kai ƙaho wani wuya?

Ranar farauta da sassafe ya shafa baƙin tukunya a kumatu, ya soke rassan sabara a hula. Da yake kuma babban mutum ba ya fita haka kawai, ya juye rabin kwalbar turare a jikinsa. Matarsa Zuhaira tana dama kunu ta ɗago ta dube shi.

"Maigida, lafiya? Ina zuwa da fuska haka?"

"Aikin sirri ne. Kada ki gaya wa kowa."

"To, Allah ya kiyaye hanya."

Ta koma kan kununta. Ta saba. Aikin sirrinsa na bara, kwana uku ya yi a Damagaram yana jiran a gyara masa haƙori.

Ya tsayar da wani ɗan kabu-kabu baƙo mai komawa Tanut, ya sa ya kai shi can dajin hanyar Tanhiya, inda aka ce za a yi kewaye. Mai babur ya tambaya ko ya dawo ɗaukarsa. Kumandan ya ce a gaban kamyo zai koma gida, kusa da direba, barewa a bisa. Ya zaɓi wani kurmin sabara a tsakiyar kwari ya kwanta rub da ciki, ya ɗora bindiga a kan reshe. Ruwa kuwa 'yar gora ɗaya ya riƙo, don a saninsa aikin ba zai wuce awa biyu ba.

A yi masa adalci, barewa ta zo. Da hantsi ya hango ta a kan tudu, ita da 'yan'uwanta biyu, suna gangarowa kai tsaye wajensa. Har ya fara jin sunansa a lasifika. Sai iska ta juya. Babbar ta tsaya cak, ta ɗaga hanci. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sabara mai ƙamshin ɗakin amarya ba. Kafin ya gyara yatsa sun haye tudu, sai fararen gindinsu ya gani.

Bai gama takaici ba ya ji ƙaho daga gabas. Masu kora sun taso da karnuka da gwangwanaye, masu bindiga kuma sun ja layi a yamma, kowa cikin ruwan goronsa, kowa yana ganin ɗan'uwansa sarai. Kumandan ya duba gabas, ya duba yamma, sai a lokacin taktik ɗinsa ya nuna masa cewa a tsakiya yake, daidai inda nama ke bi. Wani zomo ya faɗo cikin kurminsa. Adaka ta tashi, rassan sabarar da ke hularsa suka yi sama su kaɗai.

Nan fa Kumandan ya tuna da cinyar Ila. Ya so ya tashi ya ɗaga hannu, amma duk abin da ya motsa a kwarin nan ba tare da ruwan goro ba, nama ne. Ya kwala kira, gwangwanaye da haushin karnuka suka haɗiye muryar. Sai ya bar bindiga, ya ja ciki kamar damo, ya gangara wani rami cike da ƙarangiya, ya tusa fuska a ƙasa yana karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Tsoro ya ji, tsoro na gaske, irin wanda ba a koyo ta tagar madafa. Mutum ashirin da uku suka wuce ta gefensa. Kare ɗaya ne ya tsaya ya shinshina shi, ya yi atishawa, ya ƙara gaba.

Bai ɗago kai ba sai da daji ya yi tsit, rana ta karkata. Can nesa a gindin wata aduwa, Baba Dado ya buɗe buhu yana karɓar jile. Ashirin da uku suka fita, ashirin da uku suka dawo. Ya ɗaure bakin buhu ya ce a tafi. Kumandan ya hau tudu da rarrafe, ya hango kamyo yana juyawa. Ya cire rigarsa yana kaɗawa da duk ƙarfinsa. Rigar kuwa mai kyau ce, ba a cuce shi ba a Damagaram. Waɗanda ke bayan mota suka waiwayo, suka ga daji kamar kullum. Ya zaro waya, babu rezo. Ya girgiza gora, babu ruwa.

Da Allah bai kawo Almustafa ba, da labarin ya canja. Wani Buzu ne makiyayi da ke komawa zangonsa a kan raƙumi wajen la'asar sakaliya. Ya tarar da jarumin a zaune gindin magarya, leɓe ya bushe, baƙin tukunya ya gangaro har wuya, ƙarangiya ta lulluɓe shi kamar bushiya.

"Bawan Allah, mutum ne ko me?" in ji Almustafa. "Wallahi ban gan ka ba. Ƙamshi na biyo, na ce ko wasu mata sun yar da kaya."

Ya ba shi ruwa daga salka, ya ɗora shi a bayan raƙumi ya kai shi zango. Da ruwa ya ratsa shi, Kumandan ya bayyana wa mai masaukinsa cewa atisaye yake yi na gwada juriya. Almustafa ya ce to, ya ƙara masa nono.

Washegari aka haɗa shi da wani mai amalanken jaki da zai kai ciyawa Belbeji. Tafiya mai nisa ce, kuma ta yi masa amfani, domin a kan ciyawar nan ya tsara jawabinsa. Ya san yanzu gari ya kaɗu. An rufe kasuwa, an baza mutane a daji, Zuhaira ta yi kuka har ta gaji, Baba Dado ya rasa inda zai sa kansa don kunya. Ya yanke shawarar zai yafe musu. Zai nuna musu cewa abin da ya faru hujja ce, sannan ya sunkuyar da kai a rataya masa ƙaho. Da suka kusa gari ya sauka, don kada a ga Kumandan a kan ciyawa.

Gari yana nan yadda ya bar shi. Masu shayi suna shayinsu. Ya leƙa gida, Zuhaira tana tankaɗe, ta ce, "Sannu da zuwa, maigida. Har an gama aikin? Ya mutanen Damagaram?" Ya wuce zauren Baba Dado.

Mafarauta suna zaune ana cin ragowar naman jiya. Hamidu lebura yana tsakiya, ana ta yi masa barka, ƙaho yana lilo a ƙirjinsa. Kumandan ya tsaya a bakin ƙofa. Jawabi ya riga ya shiryu, sai ya fito.

"Jama'a, ku kwantar da hankalinku, ga ni da raina. Ban riƙe kowa a zuciya ba. Amma ku ɗauki darasi. Jiya a kwarin nan ina kwance, ku ashirin da uku kuka wuce ta kaina, da ku da karnukanku, babu wanda ya gan ni. Wannan shi ne kamuflaj."

Ila ya dubi Hamidu, Hamidu ya dubi tsoho. Baba Dado ya ajiye ƙashin da ke hannunsa, ya ƙura masa ido da mamaki na gaskiya.

"Af, Ilyasu, dama ka je?"

"Na je mana. Ba ku gan ni ba ne."

"Wallahi ba mu gan ka ba," in ji tsoho. Ya ɗan yi tunani, don shi mutum ne mai son cika magana. "Kuma ka yi haƙuri, daga jiya zuwa yau babu wanda ya tambaya."