Yadda Za Ki Zuba Kuɗin Udoji a Leɓenki

'Yar'uwa, idan gwamnati ta biya ki kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan na ma'aikata, kin rasa inda za ki kai su, kwantar da hankalinki, kin zo wurin gwana. Wasu sun sayi babur, wasu rediyo, maƙwabcinmu ya sayi firij alhali ko wuta ba a ja masa ba. Ni nawa a baki na zuba su, inda ɓarawo ba zai iya ɗauka ba. Ki bi matakan nan yadda na jera su, na yi miki alkawari duk faɗin Fagge ba mai ƙara kallon idonki in yana miki magana.

Mataki na 1: Ki gano leɓenki bai isa ba

Tun da aka haife ki kike ci kike sha da shi bai taɓa kai ƙararki ba, don haka ke kaɗai ba za ki ga aibinsa ba. Ki tafi Sabon Gari shagon Boniface mai hoto. Kafin layi ya zo kanki, ki buɗe mujallun ƙasashen waje da ke kan bencinsa, ki ƙare wa matan ciki kallo, leɓe ya cika ya tumbatsa. Sannan ki dubi madubi. Ni da na duba, zare biyu na gani a ƙarƙashin hanci.

"Madam, yi dariya kaɗan mana," in ji Boniface.

Na ce masa ba ni da abin yin ta.

Mataki na 2: Ki sami bikin da za ki yi domin shi

Gyaran da ba taro asara ne. Kuma ba kowane biki ba, ki zaɓi na wadda ta dogara da bakinki.

Ni na Zaituna na zaɓa, aminiyata tun firamare. Uwarta ta rasu tana ƙarama, danginta ba su cika tabarma ɗaya ba, ga shi za ta auri Abdulmuminu, ɗan babban gida a cikin birni, inda gwaggwanni ke tsayawa a soro suna duba wa ya rako amarya. Ni kuwa ko maƙiyina ya san ni ce maguɗiyar unguwarmu. Ranar da aka sa rana ta riƙe hannuna ta ce, "Ummakulsum, ba ni da gayya, ke ce gayyata. In kin rangaɗa guɗar nan a ƙofar gidansu, ba mai cewa daga sama na faɗo."

Na ce mata sai an jiyo ni a Kantin Kwari. Ki yi irin wannan alkawarin da ƙarfi, a gaban mutane.

Mataki na 3: Kada ki yi ciniki

A bayan layinmu akwai Inna Yakaka, dattijuwa 'yar Barno, mai yi wa mata baƙin leɓe da allura. Ki je da sabuwar atamfa, kada ta ɗauka ke ƙaramar ma'aikaciya ce, ko da kuwa tafireta kike bugawa kamar ni.

"Naira biyu ne, 'yata, na ƙasa," ta ce.

"Na sama fa, Inna?"

"Ba a cika taɓa na sama ba."

"A taɓa."

Ki ajiye mata naira goma, in ta soma kwance bakin zane za ta ba ki canji ki ɓata rai. Zamanin man fetur ne, karɓar canji zubar da girma ne. Ki ƙara da goro da turare na matan da za su zo yi miki tafi.

Mataki na 4: Ki kwanta, ki yi shiru

Za ki sa kai a cinyarta. Za ta ɗauko allurai a ɗaure wuri guda, ta bi leɓen tana caccakawa tana shafa baƙin fitila. Matan nan na kewaye da ke suna tafi suna waƙa, ba don ƙauna ba, jira suke su ji ko za ki yi ihu su kai labari gidan suna. Ihu kawai ake riƙewa, hawaye kyauta ne, ki zubar iya son ranki. Nawa sai da suka cika min kunne.

Mataki na 5: Ki hana kumburin tafiya

Nan gwaninta take. Washegari za ki ga leɓe ya tashi, sumul, daidai da na matan mujalla, har ki ji kin yafe wa allura. Amma Inna Yakaka za ta ce miki kumburin mai tafiya ne, baƙin ne kawai zai zauna. Wannan cuta ce tsagwaronta. Ke kumburi kika biya, ga biki ya matso.

Ki koma Sabon Gari kemis ɗin Ebere, ki ja mayafi ki rufe baki, ki nuna man zafi da yatsa.

"Wannan na ciwon baya ne fa, sista," Ebere za ta ce.

Ki gyaɗa kai, ki nuna babbar kwalbar. Ki riƙa shafawa safe da yamma. Raɗaɗin da za ki ji alama ce kuɗinki na aiki.

Daga nan ƙananan hidimomi za su biyo baya, kada su dame ki. Tuwo ya haramta, sai kunu, shi ma rabi a ciki rabi a riga. Za ki sayi manyan mayafai a Kwari. Za ki daina shiga bas ki koma tasi, domin yaran mota ba su da tarbiyya. A ofis ki ce haƙori ne, in tarho ya yi ƙara ki duƙa neman abu a ƙarƙashin tebur.

Mataki na 6: Kada ki gwada guɗar a gida

'Yan koyo ke gwaji. Ke gwana ce.

Mataki na 7: Ranar kai amarya, ki tsaya a gaba

Motoci suka tsaya a ƙofar gidan angon, gwaggwanni sun cika soro. Aka fito da Zaituna a lulluɓe, hannunta cikin nawa, sanyi ƙalau. Ta matsa min yatsu, alamar lokaci ya yi. 'Yan rakiyarmu suka dare suka ba ni fili, duk sun yi shiru, don ba mai yin guɗa in ina wuri.

Na yaye mayafi. Na ji wata ta ce, "Innalillahi!" Ban kula ba. Na toshe hanci, na cika ƙirji da iska, na buɗe baki, sai bakin ya ƙi buɗuwa. Leɓen ya tsage, abin da ya fito wani huci ne kamar tayar keke ta sace. Na sake. Wannan karon har da miyau.

'Yan rakiyar nan da ya kamata su rufa min asiri sun shagala da kallon bakina, ba wadda ta tuna da amarya. Cikin shirun nan wata gwaggon ango ta tambayi ta kusa da ita, ba ta ko rage murya ba, "Yarinyar ba ta da kowa ne?"

Haka Zaituna ta taka soron nan, ba abin da ake ji sai takalminta. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba, kuma ko kukan kirki bakin bai bar ni na yi ba.

Mataki na 8: Ki haɗa lissafi

Da aka zaunar da ita a ɗaki mutane suka ragu, ta ɗaga lulluɓi ta daɗe tana kallon leɓen. Idonta ya yi ja. Na so ta zage ni.

"Nawa kika kashe?" ta ce.

Na nuna mata da yatsu, na haɗa har da tasi da mayafai.

Ta girgiza kai. "Ya fi haka, Ummakulsum." Ta saki lulluɓinta.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin kumburi, tsagewa, zubar miyau ko dariyar yara ba. Wadda ta bi matakan nan ta ga ba daidai ba, kada ta nemi Inna Yakaka, aikinta ya yi kyau, baƙin yana nan ras. Kumburin ya sace bayan biki, leɓe ya koma zarensa, guɗa ma ta dawo har ta fi da. Wadda kuma ta rasa aminiya kada ta zo min da kuka, ba ni da maganinsa. Zaituna ta haihu watan jiya, an yi suna, a bakin Ebere na ji.