Rasuwar Jummai, Kwalekwalen da Aka Kashe a Huangpu

Da zuciya cike da baƙin ciki, ni Ilu Tankari, mutumin Yawuri mai fataucin jakunkuna a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, nake sanar da 'yan uwa na unguwar Sanyuanli da na gida rasuwar kwalekwalena Jummai. Ta cika ranar Talata a bakin ruwan Huangpu, sakamakon mummunan duka da aka yi mata a kan idona, kuma da izinina.

An haifi marigayiyar ranar Juma'a a wata ƙaramar masana'antar jirage. Babu katako ko ɗaya a jikinta, da faiba, wata irin roba mai tauri, aka zuba ta. Cikinta an raba shi ɗaki-ɗaki an toshe, yadda in ɗaya ya fashe ruwa ba zai tsallaka na gaba ba. Hasken rana take ci ta rumfar kanta, ba ta san ɗanɗanon fetur ba. Ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba. In tana tafiya, sai dai ka ji "zuuu" ƙasa-ƙasa.

Na sa an ƙera ta ne saboda yayata Mero, wadda jirgin katako ya daki kututture da ita a hanyar kasuwa, ya dare gida biyu, ba a tsamo ta da rai ba. Shi ya sa na ƙi a ɗora wa Jummai ɗan adam sai na ga abin da kututture zai yi mata.

Mai masana'antar, wanda muke kira laoban, bai so ba. Ta bakin tafintanmu Harouna, ɗan Maraɗi, ya ce, "Alhaji, kwamfuta ta riga ta nuna ba za ta nutse ba."

Na ce, "Faɗa masa na ji. A buga ta."

Aka kafa gungumen ƙarfe a ƙarƙashin ruwa. Aka cika kujerunta da buhunan yashi a madadin fasinja, manya da ƙanana, aka tuƙa ta da rimot daga gaɓa don ta daki gungumen. A karon farko hancinta ya tsage, ta yi ƙara "ƙaras", amma ta juyo da kanta. A na biyu ƙarfen ya farke mata ciki tun daga gaba har tsakiya. Rumfarta ta tarwatse, gilasan hasken rana suka watsu, batirinta ya yi aman hayaƙi, muryarta ta ɗauke.

Laoban ya riƙe mini hannu. Harouna ya ce, "Alhaji, ya ce ya isa haka."

Na ce, "A sake."

Tun da ba ta iya motsi, wani babban jirgi ne ya ja ta da gudu ya maka ta a gungumen. Gadon bayanta ya karye, ruwa ya hau har kujeru. Ta karkata, ta tsaya a nan. Muka zuba mata ido har la'asar, ba ta ƙara yin ƙasa ba. Da aka sauke buhunan, ko ɗaya bai ɓata ba, ƙananan ma da ke tsakiya ba su jiƙe ba. Na zauna a ƙasa.

Marigayiyar ta bar waɗannan buhuna cikin ƙoshin lafiya. Ta bar laoban, wanda har yau ba ya amsa gaisuwata sosai. Ta kuma bar ƙannenta da ake zubawa yanzu a kan zanenta, an ƙara musu kaurin hanci saboda abin da aka gani a jikinta. In Allah ya yarda za su bi kwantena zuwa Legas, daga can a kai su Yawuri.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a bayan masana'antar, inda za a ciro ta a yanka ta da zarto. Zaman makoki a masaukina na Sanyuanli, akwai shayi. Masu ba da shawarar a binne ta a ruwa kamar sauran jirage, muna godiya. Wannan kam an riga an gwada, ta ƙi.