Yadda Za Ki Ɓoye Tsagaggen Ƙashi Har a Sabunta Miki Kwantiragi

Idan kin kai shekara talatin da huɗu kina rawar bale, wadda ake yi a kan yatsun ƙafa, kuma ƙafarki ta hagu ta fara gaishe ki da asuba tun kafin ki taka ƙasa, to jawo kujera ki zauna. Na yi miki alkawari, in kika bi matakan nan yadda na jera su, watan Oktoba zai zo ya wuce da sunanki a takardar sabon kwantiragi. Ba labari aka ba ni ba. Shekara goma sha tara ke nan ina riƙe da ɗakin takalma na ƙungiyarmu ta rawa a garin Rockhampton, kuma a kan idona Narelle Ruddock ta bi wannan hanya tiryan-tiryan ta ci nasara.

Narelle ta zo mana tana da shekara ashirin. Ta yi sha huɗu a layin baya, ta uku daga hagu, inda ake ajiye doguwar da ba ta kuskure. A watan Satumba wani ɗan ƙashi a tsakiyar ƙafarta ta hagu ya tsage. Ba ta je asibiti ba, amma ta sani, don mai rawa ta fi na'urar hoto sanin ƙafarta. Saura mako biyar daraktanmu Graeme ya fara kiran mutane ofis ɗaya bayan ɗaya, ya ce wa wannan sai baɗi, ya ce wa waccan Allah ya haɗa kowa da rabonsa. 'Yan rawarmu sha takwas ne kacal. Narelle ta tabbata in ta shiga ofishin nan da ciwo a shekarunta, ta gama rawa har abada, ita kuwa ba ta iya komai ba a duniya sai rawar.

Mataki na ɗaya: Ki ware wa ɗingishi lokacinsa

Ɗingishi ba laifi ba ne, a gan shi ne laifi. Ki ajiye motarki can bayan shagon mahauci, ki yi ɗingishinki son ranki har kwanar titi. Da kin hango ƙofarmu sai ki miƙe, ki ɗaga haɓa, ki shigo kina gaishe da kowa da sunansa. Allah ya rufa mana asiri a nan, domin duk 'yan bale tafiyar agwagwa suke yi, ba mai saurin gane wadda take yi don ciwo.

A cikin gini wuri ɗaya aka yarda ki ɗingisa, wato bayan gida na ƙarshe, mai makulli. Narelle takan shiga can ta yi taku biyar gaba biyar baya tana zagin duk wanda ya ƙirƙiro tsayuwa a kan yatsa, sannan ta ja ruwa ta fito da murmushi.

Mataki na biyu: Ki kai wa Dimitra kafaɗa

Dimitra ce likitarmu ta gashin ƙashi, kuma ɗakinta yana tsakanin wurin sauya kaya da ɗakin atisaye, ƙofa a buɗe kullum. Ba ta kallon fuskar mutum. Za ki ce mata ina kwana, ta amsa wa idon sawunki. Kada ki guje ta, don gudun shi ke tona asiri. Ki shiga da kanki ki kai mata wani ciwon da babu shi, can sama, nesa da ƙafa.

"Dimitra, kafaɗar nan tawa ta hana ni sakat."

"Kafaɗa? Shekara sha huɗu ban taɓa jin kin yi kukan ko farce ba. Kwanta. Me ya sa ba ki cire safa ba?"

"Sanyi nake ji."

"A zafin nan na Rockhampton? Ke tsohuwa, ko dai tsufan ne ya fara kama ki ta ƙasa?"

"Ki bar ni da tsufana, ki matsa inda na nuna miki."

Dimitra ta yi mako uku tana murza lafiyayyar kafaɗa. Har yau Narelle na cewa ba ta taɓa jin daɗin ɗaga hannu irin na watan nan ba.

Mataki na uku: Wake

Injin ƙanƙararmu yana jikin bangon ofishin Graeme, kuma in ya zubo ƙanƙara har masu wucewa a titi suna ji. Ko kallonsa kada ki yi. Ki sayi ɗanyen wake daskararre na leda, ki zo da shi a jakar abincinki, ki ɗora a ƙafa a bayan gidan da na gaya miki.

Matsalar guda ce. Zuwa tsakar rana waken ya narke, kuma dole ki bayyana me yake yi a jakarki. Narelle ta ce wani sabon tsarin cin abinci ne daga Melbourne, ta zauna a gaban kowa ta cinye shi da cokali, ba gishiri. Cikin mako guda 'yan mata huɗu suka fara zuwa da nasu. Aroha, ƙaramarsu, wadda ke tsalle kamar ba a halicce ta da gwiwa ba, har ta rantse fatarta ta fara kyau.

Mataki na huɗu: Ki bar ciwo ya yi miki ado

Mai tsagaggen ƙashi ba ta dira da ƙarfi. Tana saukowa a hankali, tana lallaɓa ƙasa, fuskarta kuma ta cika da tunani. Kada ki ɓoye wannan, kaya ne mai tsada. Daraktoci na yawo har ƙasashen waje suna neman mai irin wannan fuskar.

Wata Talata ana tsakiyar atisaye Graeme ya ɗaga hannu, mai kaɗa mana fiyano ya tsaya.

"Ku tsaya. Kowa ya juyo ya kalli Narelle. Kun ga yadda ta sauko? Kamar tana roƙon ƙasa gafara. Narelle, ina kika ɓoye wannan duk shekarun nan? Me kike tunani lokacin da kike sauka?"

"Ƙasar nake tunani, Graeme."

"Kun ji? Ƙasar! Ku kuma kuna tunanin abincin rana."

Mataki na biyar: Ki karanta teburin kafin ki zauna

Ranar ofis minti goma ne rabon kowa. Da kin shiga kada ki kalli Graeme, ki kalli kwalin takardar share hawaye. In yana kan taga, kin tsira. In ya sauko kan tebur, a gefen kujerar baƙo, to fara tunanin makarantar da za ki koyar da yara. Kowa ya san wannan ban da Graeme, wanda har yau yake mamakin yadda 'yan rawa ke fara kuka tun bai buɗe baki ba.

Ranar Narelle kwalin na kan taga. Ta sa hannu a takarda da sauri kafin ya sake tunani, ta miƙe. Da nan labarin ya tsaya, da na ce miki sai anjima.

Mataki na shida: In an ba ki abin da ba ki roƙa ba, ki ce na gode

"Zauna tukuna," in ji Graeme. "Zagayen garuruwan yamma da za mu yi a Nuwamba, ke ce Uwar Gauraki."

Rawar gauraki tamu ce, mu muka ƙirƙire ta, kowace shekara muna loda ta a bas mu kai wa garuruwan makiyaya. Duk yarinyar da ta taɓa tsayawa a layin baya da fukafukai masu ruwan toka ta yi mafarkin jar hular Uwar Gauraki. Narelle ta yi shekara sha huɗu tana kallon bayan wasu matan suna sanye da ita. A ƙarshen rawar kuma Uwa tana ratsa dandamali daga kusurwa zuwa kusurwa da tsalle goma sha shida a kan yatsun ƙafa ɗaya, ta hagu.

A nan mai hankali za ta ce, Graeme, akwai maganar da ban gaya maka ba. Kwantiragi ya riga ya shiga aljihu, ba mai ƙwacewa. Amma ke ba don hankali kika shiga aikin nan ba. Narelle ta ce na gode, ta fito, ta wuce bayan gida na ƙarshe ta yi kukan da ita kanta ba ta san na murna ne ko na tsoro ba.

Mataki na bakwai: Barcaldine

Ki lallaɓa atisaye da dabara. Ki yi tsalle huɗu ki tsaya, ki ce kina adana sauran don ranar. Manyan taurari haka suke yi, ba wanda zai tuhume ki.

Wasan farko na zagayen a ɗakin taron garin Barcaldine aka yi, ƙarfe biyu na rana, fankoki na juya iska mai zafi. Tsofaffin matan ƙungiyar gari sun jera shayi da kek a baya, makiyaya sun ɗora hulunansu a gwiwa. Narelle ta yi rawar da ban taɓa ganin irinta a dandamalin nan ba, ni da ba na yabon kowa. Da ta kai kusurwa ta ɗaga ƙafar dama, na fara ƙirgawa. A tsalle na goma sha ɗaya na ji wani ɗan sauti, ƙas, daga inda nake tsaye bayan labule. Ta ƙarasa biyar ɗin a haka. Ta rusuna sau uku ana tafi, wani tsoho na ihu da hularsa a sama, sannan ta shigo ta zauna a kan kwandon takalmana.

"Bev, nawa na yi?"

"Sha shida."

"Kin tabbata? Kada ki yi min kara."

"Sha shida cif, 'yar nema."

"To ɗauko almakashi, takalmin nan ba zai fita ba."

Mataki na takwas: Ki more kwantiraginki

Ƙashin ya rabu gida biyu, aka sa masa ƙarfe. Dimitra ta tsaya a kanta a asibiti tana huci.

"Da kin cire safar nan a Satumba, mako takwas ne a takalmin ɗori na asibiti, ki koma ki yi shekara uku ko huɗu kina rawa. Wake! Ni kika mayar 'yar tausa?"

Graeme bai yi faɗa ba. Ya zauna a bakin gado yana murza goshi, ya ce, "Wa ya gaya miki zan sallame ki? Wa zai riƙe min layin baya?"

Ba wanda ya taɓa kwantiraginta. Ta cinye shekararta cif a kan kujera a gaban madubi, sanda a jingine, tana koya wa Aroha Uwar Gauraki, tana ce mata ta daina dira kamar an jefo buhu. Ba ta sake tsayawa a kan yatsa ba. Na ce miki za a sabunta, kuma an sabunta.

Cire hannu

Duk wadda ta bi waɗannan matakai ta bi ne da ƙafarta, ba ruwan marubuciya da abin da zai samu ƙashi, jijiya, aure ko sana'a. Ni ba likita ba ce. Gaskiya ne takalmin kowa ta hannuna yake bi, kuma tun makon farko na ga na daman Narelle yana mutuwa cikin kwana biyu, na hagu yana dawowa kamar ba a taka ba. Gaskiya ne kuma Graeme ya leƙo ɗakina kafin ya ba ta jar hular, ya ce, "Bev, ke kike ganin takalmansu. Narelle za ta iya ɗauka?" Na ce masa lafiyarta ƙalau. Ba ita ta roƙe ni ba, ba ta ma san ya tambaya ba. Ni ma na yi shekara sha ɗaya a layin bayan nan kafin a ba ni makullin ɗakin takalma, ban taɓa matsawa gaba ko taku ɗaya ba, kuma na so in ga ɗayanmu ta ratsa dandamalin nan ko sau ɗaya. Na gani, kuma ba ranar da ba na tuna sautin nan.

Saboda haka kada wadda ta zo min da ƙorafi. Ina buɗewa ƙarfe takwas, in rufe ƙarfe huɗu, kuma takalmi kawai nake bayarwa.