Sarkin Aiki da Kwatar Layinmu

Jama'a, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Kwatar layinmu ta toshe tun farkon damina, ruwan ƙazanta ya kwanta a gindin katangar ɗakin Inna, mahaifiyata, har bangon ya fara tsagewa ta ciki. Kullum da safe sai ta kira ni ta nuna min tsagar da sandarta, ta ce, "Kai dai jira kake ya rufto a kaina ka huta da sayen magani."

To, ranar da nake ba ku labarinta na ce yau za a yi ta ta ƙare. Ai Masu Girma, Allah Ya ƙara musu kumatu, sun sayo mana manhajar nan mai ƙirƙirarriyar basira da suka raɗa wa suna Sarkin Aiki. An ce ba sauran zaryar ofis. Ka faɗa masa damuwarka a waya, shi zai zaɓi motar da ta dace ya turo. Na rubuta masa dalla-dalla cewa ruwa ya tare mana layi, yana cin katanga, a taimaka.

Kafin azahar sai ga tankar ruwa, cike fal. Direban ya ce umarni aka ba shi, kuma ba ya komawa da kaya. Muna ji muna gani ya juye mana ita a kan wanda muke kuka da shi. Maƙwabcina Mai Faci ya naɗe ƙafar wando yana dariya, ya ce, "Malam, sake roƙa, wataƙila a haɗo mana da kifi."

Raina a ɓace na nufi wajen ƙanin matata, wanda yake akawu a ofishin da ke turo motocin. Ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, kada ka zagi na'ura. Ba ta da ido. Kowace mota akwai bayanin da aka rubuta mata a kai, shi take karantawa ta zaɓa." Ya buɗe kwamfuta ya nuna min.

A ƙarƙashin tankar ruwa an rubuta: "Gagarumin aikin alheri na Mai Girma domin magance duk wata matsalar ruwa." A ƙarƙashin motar yashe kwata kuwa: "Gagarumin aikin alheri na Mai Girma domin ƙara wa gari kwarjini."

Na ce, "Ina kalmar kwata? Ina toshewa?"

Ya waiga hagu da dama. "Yaya, rufa min asiri. Mai Girma ya riga ya sanar a taro cewa babu sauran kwata mai toshewa a garin nan. Wa zai rubuta cewa mun ajiye mota don abin da babu?"

Ashe har kwamiti aka kafa don ya auna ko bayanan suna yi wa Sarkin Aiki jagora yadda ya kamata. Sun tare a otal, sun ci sun sha, sun ba kowane bayani maki cikakke. Na tambaya ko sun gwada turo mota ko sau ɗaya su ga inda za ta nufa. Ya ce a'a, abin da suka duba shi ne ko an rubuta Mai Girma da manyan baƙaƙe. Kai, Allah Ya saka wa kwamiti, wannan aiki sai su!

Ina shirin tashi idona ya faɗa kan wani bayani guda, shi kam ba kwana-kwana: "Katafila. Idan wani abu ya tare hanyar da Mai Girma zai bi, a tura ta nan take, ta kawar da komai." Ka ji magana tsaf, ko jikana zai gane.

Na dawo na ba Mai Faci labari. Ya ce, "To me kake jira? Ce masa Mai Girma zai ratsa layinmu gobe." Ni ban saba yi wa ko na'ura ƙarya ba. Amma na tuna sandar Inna, na rubuta.

Wallahi ban gama mayar da waya aljihu ba na ji ƙasa tana girgiza. Katafila ta shigo, ta yashe kwata tas, ruwa ya wuce kamar an kore shi. Muna cikin tafi sai direban ya dubi katangar Inna, ya ce ta ɗan shigo hanya, motar Mai Girma kuma faɗi gare ta. Na roƙe shi, na rantse masa cewa babu wanda zai zo. Ya ce shi "komai" aka ce masa. Da ƙyar muka fito da tsohuwa da buhun kayanta kafin ya rushe katangar. Na tsaya ina kallon gadonta a fili, hawaye ya cika min ido, kunya kuma ta hana ni duban ta.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, na yarda. Yanzu Inna tana ɗakinmu ita da uwargida, ni kuma ina shimfiɗa a zaure tare da babur. Jiya ta aiko a tambaye ni wai yaushe Mai Girman zai wuce, tana so ta ɗaga masa hannu, tunda yanzu daga inda gadonta yake ana hango titi sarai.