Ranar da Na Kai Lissafi Filin Kokawa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da mutanen Geceme za su bar ni in manta. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba na zo gida hutu daga lakwal, wato makaranta, an gama girbin hatsi, kaina cike da boko.

Mushenmu, wato malaminmu na lakwal, ya koya mana cewa ƙarfin da abu ke tafe da shi, nauyinsa ne a ninka da saurinsa. Ƙaramin abu mai gudu yana iya fin babba mai tafiyar hawainiya, wanda ke tsaye kuwa sifiri gare shi. Na riƙe wannan gam (ni da ko damin hatsi ba na iya ɗagawa).

Da la'asar ana kokawa, Bawa, ƙaton garinmu, ya kā da mutum uku. Hajo taubashiyata ta dube ni ta ce, "Ku 'yan lakwal mi kuka iya, ban da cin tuwo da cokali?"

Na ce, "Ni ɗin nan sai in kā da Bawa."

"Da mi? Da alƙalami?"

Na tuɓe riga. Bawa ya yi biyuna, amma yana tsaye, ke nan sifiri. Na ja baya har gindin gawo, na sunkuyar da kai, na sheƙo da iyakar guduna.

Bawa bai ko ɗaga hannu ba. Ya matsa gefe taki ɗaya.

Jama'a, lissafin nan gaskiya ne, domin ba abin da ya iya tsai da ni. Na wuce Bawa, na wuce bakin fili, na faɗa kan Illo makaɗi. Muka mirgina tare, gangarsa ta fashe, wandona ya yage tun daga ƙugu (gaban Hajo, gaban kawuna, gaban maigari).

Illo ya tashi yana kakkaɓe jiki, ya ce, "Ɗan wa na wanga?"

Kafin magariba ya riga ya yi mini kirari: Mota-ba-birki. Yau ina da jikoki, tsofaffin Geceme da shi suke gaishe ni.

Su yi ta dariya. Ban janye ko kalma ɗaya ba: da Bawa ya tsaya inda yake, da ya sha ƙasa, kuma ya san haka, shi ya sa ya kauce. Kuskurena guda ne. A allo, abin da za a buga ba ya da ƙafafu.