Hammatar Injiniyan Ƙeya

"Ni ba aski nake yi ba, zane nake yi," in ji Injiniyan Ƙeya, yana kaɗa almakashi a ƙofar shagonsa. "Ku lura da kyau, duk wanda na ɗora wa hannu a ka, ko numfashi ba ya yi sai na gama. Wannan ita ake kira girmamawa."

To, mai karatu, maganar numfashin nan gaskiya ce, sai dai ba girmamawa ba ce. Ka san aikin mai aski: gwiwar hannu a sama, hammata daidai hancin wanda ke kan kujera. Shi kuwa Injiniya, Allah ya hore masa zufa irin wadda ake iya ban ruwan lambu da ita. Da ya ɗaga hannu, sai ka ga mutum ya runtse ido ya kumbura kumatu kamar mai nutso a kogi. Wasu sun koma wani shagon ba sallama. Waɗanda suka rage kuma sun koyi zuwa da sassafe, kafin abin ya nuna.

Sunan ma shi ya raɗa wa kansa, ya kuma sa aka rubuta a allo da jan fenti.

Ana nan sai labari ya zo cewa wani babban otal zai buɗe ɗakin aski, ana neman mutum ɗaya da za a ba kujerar. Manajan otal ɗin ya ce shi takarda ba ta dame shi ba, da kansa zai bi shagunan masu nema, kowa ya ɗan rage masa gashi ya gani. An ba Injiniya ranar Asabar, ƙarfe goma na safe. Tun daga ranar da aka sa masa lokacin ya fara yi wa maƙwabta ban kwana, har ya yi wa tela, wanda shagonsa ke manne da nasa, alƙawarin zai riƙa ɗago masa hannu idan ya wuce a mota.

Tela ya ce masa ya taimaka ya bar hannun nan a ƙasa. Da Injiniya ya nemi ƙarin bayani, sai tela ya ajiye awo ya gaya masa gaskiya tiryan-tiryan: askinsa ba laifi, amma hammatarsa ce ke korar jama'a, kuma in ya ɗaga wa manaja ita, kujerar otal sai dai ya gan ta a hoto.

Injiniya ya kira shi maƙiyi, ɗan baƙin ciki, mai ɗinkin da aljihu ɗaya ke fin ɗaya tsawo. Amma da tela ya koma kan kekensa, sai Injiniya ya shige bayan labule ya ɗan sunkuyar da hanci cikin hammatarsa. Bai daɗe a can ba.

Da yamma ya tafi wurin yayarsa, wadda ke aiki a kantin magani. Ya ce wani abokinsa ne ke da matsala. Yaya ta dube shi ta saman tabarau ta ce abokin ya matso kusa da fanka. Ta ɗauko abu biyu ta jera a kan teburin kantin: ƙaramar kwalba mai ƙwallo a baki, da gwangwanin feshi. Ta yi masa bayani dalla-dalla. Na kwalbar mai hana zufa ne, kuma mai ƙarfi ne. Na gwangwanin wari kawai yake kashewa. Mai hana zufar a kan fata mai tsabta ake shafa shi, wadda ta bushe sarai, kafin a kwanta barci, shafa biyu ko uku ta wadatar. Ya fara tun yau, don kafin Asabar ya kama jikinsa. Na feshin kuma kaɗan, a fata, ba a riga ba, kuma ba a ɗaki a rufe ba.

"Abu ɗaya nake roƙonka, auta," in ji ta. "Kada ka aske wurin ka shafa nan take. Ka bari ya kwana."

"Yaya, ke magani kika karanta. Gashi da fata kuwa ofishina ne."

"To, Allah ya tsare ofishin."

Injiniya ya koma gida ya yi nasa nazarin. A ganinsa, shafa abu da dare ɓarna ce, tunda babu wanda zai shinshina shi sai matashin kai. Farawa tun ana saura kwana huɗu kuma zai sa ƙarfin maganin ya ƙare kafin ranar. Sai ya jefa kwalba da gwangwani cikin aljihun tebur ya kulle, ya ce sai Asabar, a yi ta gaba ɗaya.

Ranar Asabar ƙarfe tara ya rufe ƙofar shago, ya tuɓe riga, ya tsaya gaban madubi. Ya ɗauko sabuwar reza ya share hammata biyu tas, cikin gaggawa, ba sabulu ba kumfa, har da 'yan yanka uku ko huɗu. Daga nan hannunsa ya yi abin da ya saba yi wa ƙeyar kowa bayan aski, wato ya zuba sifirit a auduga ya danna. Ya yi tsalle ɗaya, ya ce alamar tsabta ce. Wurin bai bushe ba ya kawo kwalbar. Yaya ta ce biyu ko uku, amma Yaya ba ta san girman manaja ba. Ya yi ashirin a dama, ashirin a hagu, ya ƙara biyar-biyar saboda tsaro.

Ya zura baƙar rigarsa ta aiki tun abin yana danshi. Da ya duba madubi sai ga fararen layuka tun daga hammata har ƙugu, kamar an goga masa alli. Ya sa tsumma ya murza, suka ƙara faɗi. Sai ya yanke shawarar cewa abin da ido ya gani, hanci zai mantar da shi. Ya ɗauki gwangwanin ya feshe riga, ya feshe wuya, ya feshe kujera da labule da tawul, har da tsintsiya. Don kada ƙamshin ya gudu, ya rufe taga. Don kada iska ta kwashe shi, ya kashe fanka.

Tela ya ƙwanƙwasa bango ya tambaya ko maganin sauro ake fesawa, don ƙudajen shagonsa sun fara faɗowa. Injiniya ya ce ya ji da ɗinkinsa.

Ƙarfe goma daidai manaja ya iso, dattijo mai natsuwa, da suma mai yawa wadda furfura ta yi wa ado a gefe. Kana gani ka san mutumin yana ji da gashin nan. Ya zauna ya ce kaɗan za a rage a gefe da ƙeya, kada a taɓa sama, don ƙarfe goma sha biyu yana da zama da masu otal ɗin.

"Ranka ya daɗe, ka kawo kai inda ake daraja kai," in ji Injiniya, ya yafa masa tawul.

A nan ne zafin ɗakin ya fara aikinsa. Taga a rufe, fanka a kashe, zufa ta ɓalle daga goshi da wuya da baya. Ta gangara ta iske yankan reza, inda sifirit da shafa hamsin ɗin nan ke zaune suna jira. Da farko kamar cizon tururuwa. Can kuma sai ya zama kamar an ɗora masa dutsen guga a kowace hammata. Ya sauke hannu, fata ta haɗu da fata, ya ji kamar zai kira sunan mahaifiyarsa. Ya ɗaga, rigar ta goge wurin. Sai ya samu wata tsaka-tsakiya, ya buɗe hannuwa kamar ungulu na shan hantsi, yana zagaya kujera a haka. Hayaƙin feshin kuma ya cika masa ido, hawaye na zuba, yana ganin kan manaja biyu-biyu.

Manaja ya tambaya ko lafiya. Injiniya ya ce salon aiki ne, haka manyan masu aski ke tsayawa don kada inuwarsu ta faɗa kan gashi.

Bayan zafi sai ƙaiƙayi ya karɓi aiki. Ya daure minti ɗaya, ya daure na biyu. A na uku ya zura bayan mataji ta wuyan riga da hannun hagu, injin aski na kuka a hannun dama. Da matajin ya taɓa wurin, sai jikinsa gaba ɗaya ya zabura. Gwiwar hannunsa ta bugi kujera, takalmin injin, mai hana shi cin gashi har ƙasa, ya fice ya faɗi, injin kuwa ya bi ta tsakiyar kan manaja tun daga ƙeya har kusa da goshi, ya buɗe titi mai kyau wanda mota biyu za su iya wucewa.

Injiniya ya juya kujerar da sauri ta ba madubi baya. Ya ce a ƙa'idarsa ba a kallon aiki sai an gama.

Dabararsa ita ce ya rage gefen dama ya daidaita da titin. Ya rage, sai hagu ya yi tsawo. Ya rage hagu, atishawa ta kama shi, aka samu sabon titi da ya ratsa na farkon. Ya bi wannan, ya bi wancan, yana hawaye, yana tari, hannuwa a buɗe. Gashi na sauka a kan tawul dam-dam, manaja na kallon sa yana taruwa a cinyarsa, ya ce kamar kaɗan ɗin ya yi yawa. Injiniya ya ce gashi ne mai albarka, a ido ne kawai yake da yawa.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata babu sauran abin ragewa. Tela ya turo ƙofa don ya ga ko akwai mai rai a ciki, ya ga abin da ya gani, ya jingina da bango ya toshe baki da awo.

Manaja ya juya kujerar da kansa. Ya daɗe yana kallon madubi. Ya ɗaga hannu ya shafa kan, ƙwal-kwabo, yana sheƙi, ya juya shi dama, ya juya shi hagu, kamar yana neman inda ya taɓa ganin mutumin. Sannan ya cire tawul ya ninke shi a hankali, ya tambayi tela ko yana da hula ta sayarwa. Game da kujerar otal kuma, ya ce kada Injiniya ya wahalar da kansa da jiran kira.

Injiniya ya bi shi har bakin ƙofa, hannuwa a sama, riga fari-fari, ido jajir. Ko a nan bakinsa bai mutu ba.

"Ranka ya daɗe, aski dai an samu ɗan tsautsayi. Amma tsakani da Allah, a ɓangaren ƙamshi ai ka ba ni maki."

Manaja ya gyara zaman hular tela a kansa.

"Wane ƙamshi? Ni shekara bakwai ke nan hancina ba ya jin komai, ɗana. Idanuna ne kawai ke aiki."